Akwatin da Bawa Bai Buɗe Ba

Na fara riƙon saƙo shekarar da soja sunka karɓi mulki karo na farko, bayan farin nan da ya cinye shanun ƙasarmu Kurfai har anka rasa mai sayen fata. Lokacin ina goyon ɗiyata ta biyu. Na ajiye aikin bara waccan, da gwiwa ta ƙi ni. Tsakanin nan da can soja sun hau sun sauka, farar hula sun hau sun sauka, ni ina nan da lefena bisa kai, daga Filinge zuwa ƙauyukan da ke ƙasan dutsi. Ban taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba, ban san baƙi ko ɗaya ba. Wannan da kuke karantawa ni ke faɗa, Hadiza, wadda za ku ji labarinta gaba, ke rubutawa, kuma na sa ta karanta mini sau biyu, don na san halin masu alƙalami.

Abin da ya tayar da maganar, ƴan matan nan ne da ke zama gindin gawon ƙofar ƙungiyar manoma, kowace da waya a hannu. In na wuce sai wata ta ce, "Inna Zali, mi ke da wuya ga kai saƙo? Ai dannawa ce, ya tafi." Su yi ta dariya. To, ku matso ku ji.

Wanda ya koya mini aiki Baba Namata ne, wan surukina, tsohon soja na zamanin Nasara, kurma a kunne guda. Duk Lahadi, ranar kasuwar Filinge, shi ke karɓar takardun ƙauyukanmu, na gidan waya da na hannun direbobi. Mazanmu a lokacin rabinsu na Kurmi, wasu Kumasi, wasu Abijan, wasu Ikko. Da ƙafa ta mutu mishi sai ya nemi mai ƙafa. Ya zaɓe ni don ya taɓa jin na maida maganar wani maroƙi daga farko har ƙarshe ban zubar da kalma ba.

Aikina na farko takarda uku ce. Ya ce wannan hannun wane, wannan hannun wance. Na kai biyu. Ta ukun na iske mai ita ya tafi daji, sai na ba ƙanenshi, ai gidansu guda. Na komo ina jin kaina. Baba ya karkato kunnen mai ji ya ce, "Wa kika ba?" Na faɗa. Ya ce, "Na ce hannu. Na ce gida?" Ya maida ni a ƙasa, tafiyar rabin yini, da goyo. Na iske ƙanen bai kai ga samun mai karantawa ba, na karɓe. Daga baya na ji abin da ke ciki: babban wansu ne daga Kumasi ke cewa a hana wannan ƙanen noma gonar fadama. Da shi ya fara ji, da takardar ta shiga murhu.

Baba na da tambaya uku da yake yi wa kowane saƙo. Na wa ne? Wa ya halatta shi ji? Wa zai fara ji? Yakan ce ta farko yaro ma ya san ta, ta biyu sai wanda ya san gidaje, ta uku kuwa ita ke kashe mutum. Kayan aikinmu ba su da yawa: jakar fatarshi, lefena, da zare kala uku. Farin zare, kowa a gida na iya ji. Jan zare, hannun mai shi kaɗai, kuma shi zai zaɓi mai karanta mishi. Baƙin zare, labari mai nauyi, mutuwa ko ɗauri ko hauka, wannan ba ya zuwa wurin mai shi da fari, sai babban gida, shi ya san ranar faɗa da bakin da zai faɗa. Duk wanda zai tafi Kurmi sai ya biyo ta wurin Baba an nuna mishi alamar da zai yi a bayan ambulan, don mu san zaren da za mu ɗaura ba tare da mun buɗe ba.

Mugunyar shekarata ita ce ta fari na biyu, wajen shekara goma bayan na fara, soja na nan bisa mulki. Baba ya rasu da bazarar. Ranar da abin ya faru ana rabon hatsin agaji, mutane sun cika fili, rana na dukan kai. A lefena akwai takarda daga Kumasi ba alama, rubutun hannun da ban taɓa ganin irinshi ba, ta Kubura ce, wata tsarata da mijinta ya yi wata shida bai aiko ba. Tana da cikin wata bakwai na zuwanshi na ƙarshe, ga ɗanta na fari, Gado, riƙe da bakin zanenta. Ta hango ni ta biyo ni tana cewa, "Zali, don Allah, ga malamin lakwal can, a karanta yanzu." Yunwa na cina, ina son in koma layi kada a wuce ni. Na miƙa wa malamin. Shi kuwa ya karanta yadda yake yi wa yara, da ƙarfi, yana maida faransanci hausa layi bayan layi, bakinshi na gaban hankalinshi. Ya faɗi kalmar mutuwar mijin kafin shi gane abin da ya faɗa. Kubura ta zube nan cikin mutane. Kafin la'asar cikin ya fita.

Ba wanda ya kai ni ƙara, ba wanda ya zage ni. Kubura dai daga ranar ba ta ƙara karɓar komi daga hannuna ba. Mu haɗu a rijiya, "Ina kwana", "Lafiya lau", shi ke nan, shekara ashirin da wani abu. Ni kuma na ƙara wa dokar Baba guda: saƙon da ba alama, daga hannun da ban sani ba, baƙin zare ne har sai an tabbatar mini ba shi ba ne.

Da kasat ta shigo, sai aikin ya canza fuska. Namiji ya cika fuska guda da gaisuwar dangi har da jaki, ɗaya fuskar kuma ta matarshi ce, abin da ke ciki ba na kunnen surukai ba ne. Na sayi rediyona, na sa mata riga ta atamfa. In na shiga gida, fuskar dangi a tsakar gida, kowa ya zauna. In ta ƙare sai in tashi da rediyon in ce, "Batir ya yi sanyi." Matar ta san ma'anar, ta biyo ni bayan rumbu da tulu kamar za ta rijiya. In kunna mata in ja da baya inda nake ganinta ba na ji. Akwai kuma gidajen da ba su bar gargajiya ba. Yaro ya aiko daga Abijan a ce wa uwarshi ta yanka wa Doguwa baƙar akuya, ciwon kafaɗar ya dawo. Wannan ba ka kai wa malamin da ke tsangwamarsu ya karanta. Kowane gida na san wa ke shiri da wa, wa ke iya riƙe magana, wa ke zubar da ita kafin ta huce.

Injin ya zo shekarar da soja sunka hau karo na huɗu, ita ma shekarar yunwa ce, amma ba ta kai waccan ba. Mazan yanzu sun juya arewa, Libiya. Waya ta fara shigowa, sai dai a ƙauyenmu sai ka hau tudu ka ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa, kuma kira daga can ba kullum yake shiga ba. Ƙungiyar manomanmu ta samu inji nata na kanta, baƙin akwati mai kukan fanka, anka ajiye shi a ƙaramin ɗaki, pano mai kama hasken rana bisa rufi, batir biyu a ƙasa. Amfanin a ce naka ne a ɗakinka, in layi ya yanke kwana uku, yana riƙe da saƙonnin da za su fita, in ya dawo shi tura su, shi karɓi na shigowa. Anka ɗauko Hadiza daga Yamai ta haɗa shi. Ƴar Bonkuku ce, ta yi karatun wannan aikin, tana da aure da ɗiya biyu. Shugaban ƙungiya ya ce in je in faɗa mata sunayen gidaje.

Ta zaci yini guda za mu yi. Ta ce, "Inna, ki lissafa mini kawai, in yi wa kowa akwati."

Na ce, "Kafin nan faɗa mini, wa ke cikin abin ga?"

Ta yi dariya, amma ta amsa, kuma nan na gane ta san aikinta. Ta ce ma'aikata huɗu ne a ciki, kowane da ƙofarshi. Ɗaya na tsaye bakin hanya yana karɓar abin da ya zo daga waje, shi ne kuma ke fitar da namu. Ɗaya na tace shara, don akwai ƴan damfara da ke aiko wa duniya duka. Ɗaya na ɗaukar saƙo shi jefa a akwatin mai shi. Na huɗu shi ke buɗe wa mutum akwatinshi in ya faɗi kod, wato kalmar sirrinshi. Sauran ƙofofin injin duk ta toshe su, ta ce ƙofar da ba kowa ke tsaronta ba ɓarawo take jira.

Na ce, "Na ukun nan ni ce. Na huɗun malamin lakwal ne. Ki sa ido a kanshi."

Rikicin farko na suna ne. Ta sa wa akwatin kowace mace sunan mijinta, don shi ke aikowa. Mata sunka zo gwaji, ta ce wa ta farko, "Akwatin wa?" Matar ta ce, "Na shi." "Shi wa?" "Mai gidan." Hadiza ta ce, "Sunanshi fa?" Matar ta ja gyale ta rufe baki, na bayanta sunka fashe da dariya, wata ta ce, "Yamai ta cinye ki, ɗiyar Bonkuku!" Wace mace za ta kama sunan mijinta a bainar jama'a? Na ce ta goge duka. Munka sake da laƙabin da mata ke kiran juna, mai rumbu biyu, ta gidan kuka, uwar tagwaye. Kod kuma kowace ta raɗa wa Hadiza a kunne, wata sunan akuyarta, wata sunan rijiyar garinsu.

Rikici na biyu ya fi wuya. Saƙo na shigowa, amma ba ya faɗawa akwati. Hadiza ta yini tana duban baƙin allo, gumi na zuba mata. Ta ce ma'aikaci na uku ne ba shi da izinin ajiyewa, duk akwatin da ya nufa sai a koro shi. Bawa sakataren ƙungiya na tsaye a kanta, mutum ne mai kirki ga rabon iri, sai dai ba ya iya kwana da labari. Yana ta cewa, "Madam, Lahadi fa mutane za su zo." Ta gaji ta ce akwai gajeruwar hanya: layi guda za ta rubuta, duk akwatunan su buɗe ga kowa, mai ajiyewa ya ajiye, daga baya a gyara.

Na ce, "Ga kowa? Har Sakatare?"

Ta ce, "Na ƴan kwanaki ne, Inna."

Na ce, "Ni na ɗan lokaci na miƙa wa malamin lakwal takarda. Ki ba mai ajiyewa izinin ajiyewa, shi kaɗai. Shekara talatin da shida ina shiga gidajen mutane, ban taɓa cewa a cire mini ƙyauren ɗaki don in ajiye takarda ba."

Ta dube ni, ta ɗauke hannu daga kan maɓallan. Kwana biyu ta ƙara. Ashe akwatunan da ta ƙirƙira duk sun fita da sunan babban makulli, wanda ke hannunta, ba da sunan mai ajiyewa ba. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta maida. Mai ajiyewa na sakawa. Mai akwati na karantawa da kod ɗinta. Gogewa kuwa na ce kada a ba kowa sai mai shi, shi ma sai injin ya tambaye shi sau biyu.

Saura akwati guda, shi munka fi daɗewa a kai. Hadiza ta ce kowane inji na da akwatin gida, inda saƙo ke faɗawa in mai aikowa bai san akwatin kowa ba, ya rubuto wa ƙungiya kawai. Ta riga ta haɗa shi da na Bawa.

Na ce, "Cire. Nawa ne."

Bawa ya yi tsalle. "Haba Inna Zali! Ni ne sakatare. Ke da ba ki karatu, mi za ki yi da akwati? Ki dafa shi?"

Na ce, "Kai da kake karatu, ran nan wa ya faɗa wa kasuwa duka an kama ɗan wane a Agadas, kafin ubanshi shi ji?"

Ya ce, "Wannan ai kowa ya sani ne."

Na ce, "Bayan ka faɗa."

Shugaba ya raba mu. Anka yi wa Bawa akwatin iri da taki da taro, shi karanta shi aika yadda yake so. Akwatin gida anka sa mishi kod rabi biyu, rabi a bakina, rabi a hannun Hadiza, ba ya buɗuwa sai muna tare. Ita ta karanta mini a hankali, ƙofa a rufe, ni in ɗaura zare. Wata biyu Bawa bai gaishe ni da kyau ba.

Saƙon ya zo wata Laraba da hantsi, bayan layi ya yi kwana biyu a yanke, gero na fitar da kai. Hadiza ta buɗe, ta fara, sai ta tsaya. Na ce, "Ci gaba, ƙasa-ƙasa." Wani Bazabarme ne daga Damana, ban san shi ba, yana aikin gini a Libiya. Ya ce wani Gado ɗan ƙauyenmu ya faɗo daga bene, ya cika nan take, sun yi mishi sutura. A aljihunshi anka samu takarda mai adireshin ƙungiya, shi ya sa ya rubuto nan.

Gado ɗan Kubura. Matarshi Mariyama na da ciki wata takwas da kwanaki. Biyu kafin wannan sun zube mata, unguwarzoma ta ce kada ta ɗauki ko tulu, kada a tayar mata da hankali.

Hadiza ta fara hawaye. Na ce, "Share. Akwai aiki." Abin da na fara sa ta yi, ta aika wa mutanenmu uku da ke can, waɗanda na san suna jin magana: kada wanda ya kira, kada wanda ya rubuta wa kowa, labari na hannun Zali. Ta aika ta akwatin gida. Sannan na tambayi kaina tambaya ta uku. Ba namiji babba a gidan, uban ya mutu a Kumasi. Babban gida Kubura ce.

Na iske ta a gona tana cirar ciyawa, ita kaɗai. Na yi sallama na zauna a kan kunyar gero. Ta ɗago ta ga ba lefe a kaina, ta ga baƙin zare naɗe a yatsana. Ta san shi, duk tsaranmu sun san shi. Ta ajiye ciyawar.

Ta ce, "Yaron nan ne?" Ɗan fari ne, ba ta taɓa kama sunanshi ba.

Na ce, "Shi ne. Sai haƙuri."

Ta maida ido ga gero. Sannan ta ce, "Wa ya ji?"

"Ni, da ƴar injin, da ke."

"Yarinyar fa?"

"Ke za ki ce."

Ta ce, "Sai ta sauka." Ta ɗauki ciyawarta ta ci gaba da cira. Na tashi na tafi wurin liman, na tambaye shi ko da laifi a jinkirta. Ya ce takabar mai ciki tana tafiya ko ta sani ko ba ta sani ba, haihuwa ce ƙarshenta, a tsare ran da ke nan.

Lahadi Mariyama ta zo a amalanke, tana nishi. Duk mako biyu Gado ke aiko mata. Ta raɗa kod ɗinta, anka buɗe, ba komi. Ta ce, "Inna, ko layi ne?" Na ce, "Ba saƙonki yau, ɗiyata." Ta tafi. Da anka watse Hadiza ta rufe ƙofa ta ce, "Inna, babban makulli na hannuna. Ina iya rubuta layi biyu da sunanshi in jefa mata, lafiya lau nake, aiki ya yi yawa. Ba wanda zai gane. Hankalinta ya kwanta."

Na ce, "Kina iyawa. An ba ki izinin ajiyewa, ba a ba ki bakin mamaci ba. Ranar da ta ji gaskiya za ta ƙirga kwanaki, ta gane wanda ke kabari ya rubuto mata. Daga ranar wa zai yarda da abin da ya fito daga ɗakin ga? Ina riƙe magana, ba na ƙirƙirar ta."

Lahadin da ta biyo ita ce ta kusa karya mu. Na tafi kai takardar wani tsoho bayan kasuwa, Hadiza na bisa rufi tana share pano. Mariyama ta zo ta iske Bawa shi kaɗai. Akwatinta ba komi. Ta ce, "Baba Bawa, don girman Allah ka duba mini ko ya faɗa wani wuri. Jikina na ba ni wani abu." Bawa mai tausayi ne, kuma ya lura Larabar nan mun daɗe a ɗaki. Ya zauna gaban inji ya nemi akwatin gida. Ya sa kod ɗinshi, aka ƙi. Ya sa sunan ƙungiya, aka ƙi. Ya sa sunana, ya sa sunan jakina. A na biyar injin ya rufe mishi ƙofa gaba ɗaya, haka Hadiza ta tsara, har akwatin takinshi ya daina buɗuwa. Na shigo na iske shi yana faɗa da allo, "Ni sakatare za ka kora? Wa ke share maka ƙura?" Mariyama kuwa dariya take har tana riƙe ciki. Na raka ta amalanke tana ta maimaitawa, wai inji ya kori Baba Bawa.

Kwana goma sha tara labarin ya yi a hannunmu muna jiran haihuwa. Kubura na daka wa Mariyama fura, tana yi mata tsiyar ci. Ba wanda ya ga komi a fuskarta, ai uwa ba ta nuna damuwa da ɗan fari, mutane sun saba. Rana ta ashirin da safe Mariyama ta sauka, mace, da ranta, da kuka mai ƙarfi. Anka bari ta yi kwana uku ta ci ta sha. Sannan Kubura ta kira liman da tsofaffin mata biyu da uwar Mariyama daga garinsu, anka zaunar da ita a ɗaki, jaririya a hannun kakarta, aka faɗa mata yadda ake faɗa. Ni ina waje, nawa ya ƙare. Ta yi kukan da za ta yi, da mutane kewaye da ita.

Ranar zaman makoki Bawa ya same ni bakin zaure. Ya ce, "Inna, abin da ke cikin akwatin nan ke nan?" Na ce shi ne. Ya cire hula ya shafa kai ya ce, "Da ya buɗu, wallahi da na karanta mata." Na ce, "Na sani." Washegari shi da kanshi ya ce wa Hadiza ta ƙara wa kod ɗin tsawo.

Bayan suna da kwana biyu ina zaune ƙofar gida sai ga Kubura. Ba ta zauna ba. Ta ce akwai ƙanwarta a Abijan da ba ta ji ba tukuna, tana son a aika mata, amma a fara sanar da mijin. Ta ce, "Ke za ki kai, Zali. Ke kika san ta inda ake shiga." Saƙonta na farko ke nan a hannuna tun ranar rabon hatsi.

Injin ya yi mana shekara bakwai kafin waya ta kai kowane ɗaki. Yanzu labarin mutuwa na iske mace tana tsakar daka, da hoto, daga hannun wanda bai san ko tana da ciki ba. Ba ni da zaren da zan ɗaura wa wannan. Injin na nan dai, Hadiza ba ta bari ya mutu ba, takardun ƙungiya ke bi ta cikinshi, kuma akwatin gida har yau kod ɗinshi rabi biyu ne. Rabina na ba Mariyama.

Cikin mutanen wancan lokacin, Baba Namata ya daɗe a ƙasa. Malamin lakwal an ce ya rasu a Dosso. Liman ya tafi, shugaban ƙungiya ya tafi. Bawa na nan, ido ya yi rauni, baki bai yi ba. Hadiza ga ta zaune tana rubutu tana cewa in rage. Kubura na nan, ba ta fita, ni ke zuwa, mu ci goro da sauran haƙoran da Allah ya bar mana. Jaririyar kuwa Abarta anka sa mata, don na gabanta ba su zauna ba. Ta zauna. Ku duba gindin gawo za ku gan ta, doguwa, mai jan kallabi. Ita ce ke cewa dannawa ce.